Kafintan da Ya Ƙi Jinin Ƙusa

A gidan da na tashi, abin da ka zauna a kai da safe ba lallai ka same shi da yamma ba. Ba ɓarayi ke ɗauka ba, ba kuma yunwa ke sa a sayar ba. Babanmu ne. Kafinta ne, amma irin wanda ba ya buga ƙusa, ba ya shafa gam. Komai da noti yake ɗaurewa, irin mai murɗawa da sukudireba, don duk ranar da ya ga dama ya kwance abinsa ya mayar da shi wani abu daban. Shi ya sa maƙwabta suka sa masa Kwance-ɗaura, sunan kuma ya bi shi har masu sayen kaya ba su san yana da wani ba.

Mu biyu ya haifa, ni da yayana, kuma ni ce na fi shan haushinsa, don ni mutum ce mai son in ajiye abu in dawo in tarar da shi inda na bar shi. Teburin da nake karatun jarrabawa a kai, ina makaranta aka cire masa ƙafafu, wai wata mai shago tana sauri a gama mata kanta. Na dawo na tarar da littattafaina jere a ƙasa, har an kakkaɓe musu ƙura, kamar wannan ne zai sanyaya mini rai. Gadon da na girma a kai, a da kantar mai sayar da magani ne, kuma har na bar gidan ina jin warin asibiti a gefen da nake sa kai. Abu ɗaya tak ya tsira daga hannun Baba a duk shekarun nan, wato kabad ɗin Mama. Labarinsa nake son bayarwa, amma sai an san Baba tukuna, in ba haka ba ba za a gane girman ɓarnar da ya yi ba.

Shagonsa yana bakin titi, tsakanin mai walda da mai faci. Bai taɓa sayen sabon katako da son ransa ba. Akwatunan da ake zubo kayan shaguna a ciki, tsofaffin ƙofofi, bencinan da makaranta ta yar, gadon da aka gaji da shi, duk yana bi yana kwasowa. Bai san abin da zai samu gobe ba, wani lokaci katako mai kauri, wani lokaci sirara kamar a hura su faɗi. Don haka ya yi wa kansa doka. Yana da wata sandar awo da ya yi wa zane-zane, kuma kowane katako da ya shigo shagon sai ya huda masa ramuka a jere bisa awon sandar nan, ko ana buƙatar ramin ko ba a buƙata. Ta haka ƙafar kujera za ta iya zama hannun gado, murfin akwati ya zama kanta, ba tare da an sake yanka komai ba. Kayansa duk ramuka ne, kamar abin da tsuntsu ya sassaƙa.

Idan mai saye ya zo, nan ake yin ta. Mutum ya zo neman gadon yaro, sai Baba ya tsare shi da tambayoyi. Yaron nan ai zai girma, to sai a yi yaya da gadon? Gidan nasa ne ko haya yake? In aka tashe shi, ta wace ƙofa gadon zai fita? Mutumin da ya zo da fara'a sai ya koma yana tunanin tsufa da mutuwa. Wasu su saya don su tsira da ransu, wasu su sulale su tafi wajen kafintan da ke gaba, wanda zai raɓa musu ƙusa ya shafe da fenti a gama kafin la'asar. Kuma ko ka saya ba ka rabu da Baba ba. Zai gaya maka cewa ranar da ka gaji da abin kada ka yar, kada ka ƙona, ka dawo masa da shi. In ya ji labarin kujerarsa ta karye a gidan wani, da ƙafarsa zai je ya yi sallama ya karɓo gutsattsarin.

Da a ce kayan nasa ba su da aibu, da na haƙura na ce mai hangen nesa ne. To suna da shi. Noti yana sassautawa, kowa ya sani, ban da Baba. Kujerunsa suna kuka, teburansa suna rawa, kuma duk wanda ya saya sai ya mallaki sukudireba ko yana so ko ba ya so. Ranar da maigidana ya fara zuwa gaishe shi, ya sha wanka da guga, aka ba shi benci. Bai gama gaisuwa ba bencin ya baje da shi a tsakar gida. Ni ina leƙe ta taga kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya miƙe da sauri, na ɗauka baƙon zai ɗaga, ashe noti yake nema a ƙasa. Da ya samo shi sai ya nuna wa bawan Allah yana cewa ya duba, ko katako ɗaya bai karye ba, da ƙusa ce da yanzu an yi asarar benci. Har yau maigidana ba ya zama a kan abu sai ya fara taɓa shi da hannu.

Hasashen Baba ma ba kullum yake daidai ba, sai dai kuskure ba ya kunyata shi, wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai. Akwai lokacin da ya tabbata duniya ba za ta rabu da kaset ba, ya cika shago da ma'ajiyar kaset. Kaset ya mutu ya bar shi da su. Wani kafintan da ya yi zaman makoki, shi kuwa sai ya wuni yana fito yana kwancewa, suka koma ma'ajiyar takalma. Ya yi manyan tebura masu zurfi na talabijin, sai talabijin ta rame ta koma bango, teburan suka zama kejin kaji. Sau ɗaya na ga hankalinsa ya tashi da gaske, lokacin da irin notin da ya dogara da shi ya ɓace daga kasuwa aka kawo wani mai ɗan kauri. Ya daina cin abinci sosai, yana zagaye shagon yana kallon ramukan da ya yi shekaru yana hudawa. Daga baya ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ɗan buɗa bakinsu yadda kowane iri zai shiga, sakamakon haka kujerun suka ƙara kuka. Da kujerun roba suka cika gari suka kwashe masa ciniki, bai sauya hali ba. Yakan tsaya a gaban wadda ta karye a bola ya girgiza kai, kamar ya ga marayan da ba shi da dangi.

Maganarsa ɗaya ce, mun haddace ta tun muna yara: ba wanda ya san abin da zai buƙata baɗi, don haka kada ka ɗaure abu ɗaurin da ba za ka iya kwancewa ba.

Mama mace ce mai haƙuri, amma a kan kabad ɗinta ta ja daga. Baba ya yi mata shi shekarar da suka kama hayar gidan, kafin a haife ni. Dogo ne, ya kusa taɓa rufi, faɗinsa ya cinye bango guda. Katako-katako ya shigo da shi ya haɗa a cikin ɗaki. A ciki take ajiye zannuwanta, da kwanukan da ba a taɓawa sai an yi baƙi, da takardun haihuwarmu, da kwalbar man shafawarta wadda ta zauna wuri ɗaya har ta yi wa katakon zagayayyen tabo. Ta gaya wa Baba ya taɓa komai a gidan, har gadon da take kwana, amma ban da wannan. Sau ɗaya ya ari kanta guda daga ciki ba ta nan. Ba ta yi faɗa ba, sai dai ta daina amsa masa magana, ta koma aiko mu da saƙo alhali yana zaune kusa da ita. Da kansa ya je gidan wanda ya sayar wa, ya kwance katakon daga jikin tebur ya dawo da shi.

Sai dai kabad ɗin ma ɗan gidan ne, yana da ciwon 'yan'uwansa. Duk sanda aka buɗe ƙofarsa sai jikinsa duka ya ɗan karkata ya yi wata ƙara mai tsawo, ƙiiiƙ, wadda ake ji har waje. Da ƙarar nan muke sanin Mama ta tashi, da ita muke sanin za ta fita unguwa. Ita kuwa ta tsane ta. Ba ta da roƙon da ya wuce wannan a wajen mijinta.

"Don Allah ka buga masa ƙusa ko guda ɗaya ce, in huta," in ji ta.

"In muka tashi daga gidan nan fa?" in ji shi.

Haka suka yi ta yi har muka girma. Yayana ya yi aure ya tafi, ni ma na tafi, gashin Mama ya yi fari, ba su tashi daga gidan ba. Takan ce masa ga shi nan dai suna ta tashi, shi kuma ya ɗauko sukudireba ya ƙara matse notin, ƙarar ta lafa kwana biyu ta dawo.

Mama ta rasu bayan gajeruwar jinya, Allah ya jiƙanta. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Abin da zan faɗa shi ne tun ranar na sa wa kabad ɗin ido, don na san halin ubana. Na ja shi gefe na ce masa in na zo na tarar ko murfi ɗaya ya koma kejin kajin wani, to ni da shi sai a lahira. Bayan haka duk zuwan da na yi sai na leƙa ɗakin, in ga kabad na tsaye, in koma hankali kwance. Ba na buɗe shi, don ƙanshin kayanta yana karya mini zuciya.

Shekara ta zagayo, mai gidan ya sayar da gidansa, sabon mai shi kuma ya ce da iyalinsa zai shigo. Baba ya tsufa, idonsa ya rage, shagon ma sai jefi-jefi yake buɗewa. Muka yanke shawara ya dawo wajena. Gidana a saman bene yake, matakalarsa siririya ce mai lanƙwasa, amma ban damu ba ko kaɗan. A karo na farko a rayuwata na ji daɗin halin Baba. Har na share bango guda a ɗakin da zai zauna, ina gaya wa maigidana cewa kabad ɗin Mama katako-katako zai hau, a haɗa shi cikin ɗaki kamar yadda aka yi da farko.

Ranar tashi abin ya tafi kamar wasa. Gado, tebur, kujeru, kantocin kicin, duk suka narke suka koma tulin katako da gwangwanin noti kafin rana ta yi zafi. Direban motar da muka ɗauko ya ce bai taɓa kwashe gida cikin sauƙi haka ba. Na lura Baba bai yi alfaharin da na zata ba. Ranar da ya yi shekaru yana jira ce, ranar da za a ce Kwance-ɗaura ya yi gaskiya, amma sai ya koma gefe yana ta goge sandar awonsa da bakin riga.

Kabad muka bari ƙarshe. Na kwashe kayan ciki da hannuna, yayana ya bi notin duka ya cire. Muka kama gefe muka ja. Ko gezau. Yayana ya ce wataƙila ya manta wani notin, ya sake dubawa, babu. Sai na haska cikin kusurwa da fitilar waya, na ga kan ƙusa. Na ga wata kusa da ita, da wata, da wata. Kowace gaɓa ta kabad ɗin an jera mata ƙusoshi, wasu a karkace, wasu sun lanƙwashe an danne su da guduma, aikin wanda hannunsa ya manta yadda ake yi. A tsakanin katakan kuma gam ne ya bushe ya yi tauri, an zuba shi ba tsimi. A lokacin ne na tuna cewa da na buɗe ƙofar ɗazu ban ji ƙara ba.

Na juya na kalli Baba, yana tsaye a bakin ƙofa. Na tambaye shi wa ya yi wannan aikin.

"Ni ne," in ji shi. "Bayan an watse daga zaman makoki. Ta daɗe tana roƙona."

Wallahi ban san ko kuka zan yi ko ihu ba, sai na zaɓi faɗa, don shi na fi iyawa. Na ce masa matar nan ta yi rayuwarta duka tana neman ƙusa ɗaya ya hana ta, sai da ba ta nan zai zo ya zuba mata buhu guda? Na ce shi da ke tsare mutane a shago yana tambayarsu ta wace ƙofa gado zai fita, bai ga ƙofar ɗakinsa ba? Ya ce bai taɓa auna ƙofa ba a rayuwarsa, kayansa ba sa buƙata. Ya ƙara da cewa a lokacin bai ɗauka akwai sauran tashin da ya rage masa ba sai guda ɗaya, wanda ba a tafiya da kabad.

Muka gwada duk abin da za a gwada. Muka kwantar da shi, muka karkata shi, muka cire ƙofar ɗakin da katakon bakinta, bai fita ba. Taga tana da ƙarfe. Yayana ya kawo shawarar a fasa bango a gyara daga baya, maigidana ya tuna masa cewa gidan yanzu na wani ne, kuma ko kabad ɗin ya fita, matakalarmu ba za ta karɓe shi ba ko da an shafa masa mai. Direba ya fara danna ham. Yayana ya rage murya ya ce a bar wa sabon mai gida kawai. Ni na ce ba za a bar kabad ɗin uwata wani ya zuba tsummokara a ciki ba. Baba kuwa sai ya zauna a ƙasa ya jingina bayansa da shi, ya ce mu tafi da kayan, shi yana nan.

Haka motar ta tafi da yayana da maigidana, aka bar ni da tsoho da kabad a gidan da ba komai sai amsa-kuwwa. Na zauna a ɗaya bangon ina huci. Can sai Baba ya yi magana, ba tare da ya kalle ni ba.

"Da na gama bugawa na buɗe shi, sai bai yi ƙara ba. Ɗakin ya yi shiru. Tun ranar na so in cire su, kunya ta hana ni."

Ya miƙo hannu ya ce in ba shi filaya da guduma daga jakarsa.

Mun wuni a kai. Shi yana laluben kan ƙusa da yatsa saboda idon, ni ina riƙe katako. Ƙusa ba ta fita salin-alin, sai ta tafi da naman katakon. Inda aka sa gam kuwa ba a maganar kwancewa, sai dai a ɓalle, katakon ya tsage ta inda ya ga dama. Katakon bayan kabad ɗin ya tafi a banza, gefe ɗaya ya rabe biyu, ƙofa ɗaya ta dagargaje a hannuna. Duk tsagewa ɗaya sai in ji ta a ƙirjina. Da muka gama, abin da ya fita lafiya bai wuce ƙofa guda ba, da 'yan katakai, da kantar nan mai tabon kwalbar mai. Baba ya tsaya a kan ɓarnar, gumi ya jiƙa masa riga, ya share fuska ya ce:

"Kin ga abin da nake gaya wa mutane."

Na rantse da a ce ba ubana ba ne, da na jefe shi da filayar. Mutum ya rusa kabad ɗin matarsa da hannunsa, amma abin da ya samu a ciki shi ne ya ci gardama. Sai da na ɗago zan ba shi amsa na ga haɓarsa tana rawa. Na sunkuya na tara gutsattsarin a buhu, don na san ko guda ba zai yarda a bari ba.

Yanzu yana wajena. Ya ƙi jinin kujeruna na kanti, kullum sai ya kifa ɗaya yana duba gindinta yana tsaki, na kuma gargaɗe shi kada ya kwance mini ko ɗaya. Daga abin da ya tsira ya haɗa ɗan ƙaramin kabad, tsayinsa bai wuce ƙugu ba, yana tsaye a tsakiyar bangon nan da na share, fili ya rage hagu da dama. Ƙofa ɗaya gare shi da kanta ɗaya, jikinsa duk ramuka da tabon ƙusa. Da noti ya ɗaure shi. Bai yi mako ba ya fara karkata in an buɗe, ƙarar ta dawo, ba ta kai ta da tsawo ba amma ita ce.

Rannan da safe maigidana ya gaji da ƙarar. Ya shigo ɗakin da guduma a hannu, da kyakkyawar niyya, ya ce wa Baba ƙusa ɗaya ta isa ta kashe wannan kukan. Ban san lokacin da na tsallaka ɗakin na karɓe gudumar daga hannunsa ba, ni da na yi ƙuruciyata duka ina addu'ar a buga wa wani abu ƙusa a gidanmu. Baba yana zaune a bakin gado yana kallona, na ga alamar jin daɗi a fuskarsa, wannan ma ya ba ni haushi. Na kai gudumar kicin na tura ta bayan buhun gawayi. Ina can na ji Baba ya miƙe, ya buɗe kabad ɗin ba don zai ɗauki komai ba, ya rufe, ya sake buɗewa.